Sama ta ƙone, bango ya yi duhu: sai na sayi sabuwar manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zanen gidaje ne a unguwar Zariya, nan Maradi, da SketchUp (manhajar zana gini a kwamfuta) da V-Ray (mai mayar da zanen kamar hoton gaske) nake aiki. In na fitar da hoton gida ta waje, bango ya yi kyau, sai sama ta yi fari fat. In na rage haske don ta yi shuɗi, gaban gidan ya koma kamar bayan magariba. Alhajin da ya ba ni aikin har ya fara ƙorafi. Abokai sun ce in sayi Lumion, wata manhajar fitar da hoto, da sabuwar kwamfuta. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, don wannan ciwon zai bi ka duk manhajar da ka koma. Sama ta fi bangon da ke inuwa haske nesa ba kusa ba, kyamara kuwa ba ta iya ɗaukar su biyun lokaci guda yadda idon mutum ke yi.

Na tabbata kana ta juya ƙarfin rana da hasken kyamara na cikin V-Ray a tare. Bari. Ka bar ƙarfin rana a 1 yadda ya zo, ka kafa EV, wato ma'aunin hasken kyamara, tsakanin 14 da 15, wanda shi ne awon masu ɗaukar hoto a rana tsaka: buɗewar idon kyamara f/16, ƙarfin karɓar haske ISO 100, saurin ɗauka kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Lambar EV na hawa, hoto na ƙara duhu.

Sannan ka duba ina ranar take. Maradi na kusan digiri 13.5 arewa, agogonmu kuma UTC+1 ne, wato awa ɗaya gaba da GMT. Saka su a SketchUp. In gidan arewa yake kallo kuma ka bar kwanan wata a Disamba, rana na bayansa, fuskar gidan cikin inuwa take, ba abin da zai gyara ta sai zamba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ne ranar azahar ke karkata arewa a wajenmu. Ita ma azahar ɗin ka guje ta, inuwarta gajera ce, gini na fitowa ba fasali. Hantsi ko bayan la'asar ya fi.

Ga abin da yawancin matasanmu ke mantawa: ƙasa. Yashin Maradi na mayar da haske sama, shi ke haska ƙasan baranda da bangon da ke inuwa. Kai kuma sai ka shimfiɗa koriyar ciyawa mai duhu irin ta Turai, ko baƙar kwalta, ka ce bango ya ƙi haske. Sa yashi mai launin namu ka gani. Farin fenti kuma kada ya kai 255, wato ƙololuwar fari a ma'aunin launi na manhajar, sauke shi wajen 200.

Shuɗiyar samar da kake nema ma, a ina ka gan ta da hunturu? Hazo ne, fari-fari. Je wurin da aka rubuta Turbidity, wato yawan hazo, ka ɗaga shi zuwa 5 ko 6, hasken zai yi laushi, Alhaji kuma zai gane garinsu. In har yanzu akwai ƙuna, rage Highlight Burn, ma'aunin ƙunar wurare masu haske, ka adana hoton a EXR, nau'in fayil mai riƙe dukkan hasken, don ka gyara samar ita kaɗai daga baya.

Lumion na da sauri, gaskiya ne, amma sai da katin hoto (graphics card) mai ƙarfi a kwamfuta. Ranar da aikin bidiyo ya yi maka yawa, sai mu sake magana.

Tambaya: Ɗaliba ce ni, ba ni da kuɗin lasisi. Wace manhaja zan ɗauka? Kuma fitilun waje ba sa fitowa a hotona.

Amsa: Ɗiyata, ɗauki Blender, kyauta ce, kuma tun sigar 4.0 ta 2023 take zuwa da AgX, wanda ke hana wurare masu haske ƙonewa da wuri. Fitilunki kuwa rana ce ta danne su. Sauke ranar ta faɗi, ki bar ɗan shuɗin magariba a sama, ki ƙara wa kyamara haske, ki ba ƙwayayen fitilun launi mai ɗumi, kamar 3000K a ma'aunin launin haske. Kada ki yi baƙin dare, rufin gidan zai ɓace cikinsa.