Tambaya da Amsa: Sanyi ya wuce, in bi su tattaki bayan gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Sheffield, kuma wannan ne hunturuna na farko a Ingila. Wallahi ya gigita ni, daga ɗaki sai aji, ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufe. Yanzu Afrilu ya kama, itatuwa sun fara toho, abokan karatuna suna ta ja na mu je tattaki bayan gari. Abu biyu ke hana ni. Na ga suna ratsa gonakin mutane ba ko sallama, ina tsoron a kira mana 'yan sanda. Sannan da na faɗa wa Hajiyarmu a waya, cewa ta yi: "Karatu kika je ko gantali?"

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma tafiya da ɗan sauri tana ciki. Wanda ya yi wata huɗu a ƙunshe cikin bargo ya fi kowa buƙatarta.

Maganar gona kuwa, kwantar da hankalinki. A Ingila akwai hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi, ko da sun ratsa tsakiyar gonar wani. Za ki ga 'yar kibiya ruwan ɗorawa a jikin ƙofa ko turke, to ita za ki bi. Ba a banza aka samu wannan 'yanci ba. A watan Afrilu na 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka haura tsaunin Kinder Scout da gangan, a lokacin masu ƙasa sun killace shi don farautar tsuntsaye. An ɗaure mutum biyar daga cikinsu. A 1951 yankin Peak District, inda tsaunin yake, ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, kuma wani ɓangare na birnin da kike zaune yana cikinsa. Mutane sun sha ɗauri a kan abin da ke bakin ƙofarki, ke kuma kina ɗaki kina kallon bango!

Ni dai ba zan ce ki fara da tsauni ba. Ki fara da filin shaƙatawa na Endcliffe Park da ke cikin Sheffield, ki bi gefen rafin Porter har Forge Dam. Hanya ce mai sauƙi, za ki tarar da tsofaffi da masu goyo. Abin da na fi so a wurin shi ne ƙarar ruwa a kan duwatsu da warin tafarnuwar daji da ke tashi daga bakin rafi, har sai kin ji kamar wata ce ke jajjage a kusa. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu ki leƙa dajin Ecclesall, lokacin da wasu furanni shuɗaye ke rufe ƙasa ƙarƙashin itatuwa. Makonni kaɗan suke yi su bushe, kada ki ce sai an gama jarrabawa. In ƙafa ta saba, sai ki hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyen Edale, kusan rabin awa, ki gwada tsaunin Mam Tor mai tsayin mita 517.

Ki tafi da mata 'yan uwanki, ki sanar da wani inda kuka nufa. Takalmi mai tudu ko silifas ba su da wuri a nan, taɓon bazarar Ingila ba ya wasa. Rigar ruwa kuma dole ce ko da kin ga rana ta fito tarwai. Ki saka ƙaramar darduma da fulas ɗin shayi a jaka, don La'asar za ta iya riskarki a hanya.

Lokacin haihuwar dabbobi ne, saboda haka kada ki shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, kuma ki bar kowace ƙofa yadda kika same ta. In kin dawo gida ki duba ƙafafunki da bayan gwiwa saboda kaska, tana ɓuya a doguwar ciyawa, wata tana ɗauke da cutar Lyme. In kika ga jan zobe yana faɗaɗa a inda ta cije ki, ki je wurin likita ba tare da jinkiri ba.