Amsa ga 'yar uwar da maigida ya ce a mayar da yara makarantar gwamnati

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce an sake ƙara muku kuɗin makaranta, maigida ya ce ba zai iya ba, a mayar da yaran uku ta gwamnati, ke kuma hankalinki ya ƙi kwanciya. Wallahi har raina na ji, don ni ma na sha wannan kukan. Ki yi haƙuri da tsawon maganata.

Ki fara cire wa ranki cewa duk inda ake biyan kuɗi akwai karatu. Ba da makarantun masu hali nake ba, waɗanda kuɗin zango ɗaya ya fi abin da muke ci a shekara. Irin tamu ta unguwa nake nufi, gidan haya mai ɗaki huɗu da aka shafa wa fenti aka kafa allo a bakin ƙofa.

Babbar 'yata a irinta ta taso. Kullum ta ɗaya ko ta biyu, kati fes, ina ta nuna wa dangi. Tana aji huɗu ƙanina da ke koyarwa ya zo gida, ya buɗe littafin Turancinta a shafin da ba su kai ba ya ce ta karanta. Yarinya ta yi tsuru-tsuru. Ashe hadda ce kawai, a rubuta a allo su kwafa, ranar jarrabawa a maimaita musu abin da suka kwafa. Washegari na tafi wurin mai makarantar da littafin a hannu, cikin lalama. Matar nan ko kallon littafin ba ta yi ba. A gaban iyaye biyu da ke zaune ta ce, "Hajiya, kin cika kuɗin zangon nan tukuna da za ki zo mana da ƙorafi?" Ragowar da take bina bai kai kuɗin kwano biyu na shinkafa ba, kuma shekara da shekaru ban taɓa cin bashinta ba. Ranar jarrabawa ta sa aka fito da 'yata da sauran masu bashi aka zaunar da su a ƙasa bakin get, cikin rana. Na iske ta da fensir a hannu, ta feƙe shi tun a gida, ba ta ko kuka, kanta kawai a ƙasa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Da na ce zan cire ta, ta riƙe sakamako da takardar canjin makaranta, wai sai na biya kuɗin bikin yaye ɗalibai da kayan wasanni da ba mu taɓa gani ba. Na bar ta da Allah.

Malaman ba na ganin laifinsu sosai. Wata a ciki ta gaya mini albashinta bai kai rabin dubu 70 ɗin da aka sa mafi ƙarancin albashi a 2024 ba, shi ma sai an ja mata rai. Shi ya sa kowane zango sabuwar fuska. Wa zai zauna?

Kada kuma ki ɗauka ina wanke ta gwamnati. A Kaduna a 2017 da aka yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da dubu 21 cikin kusan dubu 33 suka faɗi. A nan Kano a 2024 sai da gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kin san ba a yin haka don abu yana lafiya. Ajin da 'yata ta fara shiga da na mayar da ita ta gwamnati ya cika maƙil, rabi a benci rabi a ƙasa. Amma malamarta mai NCE ce, ta daɗe tana aikin, ita ta fara gano inda yarinyar ta tsaya. Kuma ki tuna makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, tun 1977 suke fitar da likitoci da injiniyoyi, ga ta mata a Garko. Duk na gwamnati ne, da jarrabawa ake shiga. Wanda ke sakandaren gwamnati a Kano in ya ci jarrabawar tantancewa, jiha kan biya masa NECO, wannan ma wani sauƙi ne.

Ni abin da ya fisshe ni, kuɗin da na daina kaiwa can na ɗebi kaɗan na samo malamin lesin, mu gida uku muka haɗa, yana zuwa da safe ranakun Asabar da Lahadi tunda yamma ta Islamiyya ce. A zango biyu bakinta ya buɗe. Ki gwada naki yau ɗin nan, ki ba su abin da ba su taɓa gani ba su karanta, ki ba su lissafin canjin kasuwa. Idan suna yi, to makarantarku tana aiki, ki lallaba maigida ko ƙaramin ne a bari har ya iya karatu, don shekarun farkon nan ne cunkoso ya fi cutar da yaro. Ba dole ba ne duka ukun su tafi wuri ɗaya.

Surutun mutane kuwa ki toshe kunne. Ni har matar wan mijina sai da ta ce mun karye, a gidan suna, ana ji. Ita da nata yaran ake kaiwa wani ƙauye su zauna WAEC inda ake rubuta amsa a allo, a fito da A a lissafi a je JAMB a kasa. Kada ma in fara wannan.

Ki je makarantar gwamnatin da kanki wajen sha ɗaya na safe ba tare da kin sanar ba, ki leƙa ko malamai na aji, ki duba banɗaki musamman in akwai mace a yaranki. Kuma don Allah kada ki furta za ki cire su sai sakamakonsu ya shigo hannunki.