Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Negatif da Sikanar Kwashe Su Zuwa Kwamfuta

Wata baiwar Allah daga Katsina ta rubuto: "Mahaifinmu mai ɗaukar hoto ne, ya rasu bara. Muna gyaran ɗakinsa muka tarar da adaka cike da negatif da silaid (hoton fim mai ɗan firam da ake haskawa a bango). Wasu sun manne da juna, wasu da farin abu kamar saƙar gizo-gizo, wasu kuma suna wari mai tsami. Hotunan aurensa da mahaifiyarmu suna ciki. Shi ke nan sun lalace?"

Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, fim yana da juriya fiye da hoton da aka wanke a takarda, kuma mafi yawan abin da ke adakar nan za a cece shi in ba a yi gaggawa ba. Kada ki sayi komai tukuna. Ki sa safar hannu mai tsafta, ki riƙa kama fim ta gefensa kawai, ki raba shi kashi uku. Masu warin tsami irin na khal su ne na gaggawa: robar fim ɗin ce ta fara ruɓewa, za ta ci gaba da tsukewa tana nannaɗewa, kuma tururin da take fitarwa yana taɓa na kusa da ita. Ki ware su nesa da sauran, wuri mai sanyi mara laima, su za a fara kwashewa. Farin abin nan fumfuna ce. Kada ruwa ya taɓa ta ko ɗigo, domin fumfuna tana cin jelatin da ke riƙe da hoton, idan ruwa ya same shi a wannan hali sai hoton ya narke ya bi tsumma. Ana goge ta da barasar isopropyl mai ƙarfin kashi 99 da ƙyalle mara gashi, a hankali, bayan an gwada a kan wani da ba a damu da shi ba. Sifirit ɗin kemis bai yi ba, akwai ruwa a cikinsa. Waɗanda suka manne kuwa ki bar su yadda suke, ɓamɓarewa da ƙarfi yana yage hoton ne. In kin ga an rubuta NITRATE a gefen wani, wannan irin na kafin farkon shekarun 1950 ne, yana kama wuta da sauƙi, ki nisanta shi da zafi. Sannan ki auna faɗinsu: masu hudoji a gefe biyu su ne 35mm, masu faɗin kusan santimita 6 marasa hudoji su ne 120, wanda masu situdiyo na da suka yi amfani da shi sosai. Wannan awon shi zai faɗa miki na'urar da za ki nema.

Wani mai karatu daga Kano ya ce ya ga sikanar fim a intanet, ƙarama mai allo a jiki, an rubuta megafiksel 22, tana gama hoto a daƙiƙa biyu, kuɗinta bai kai rabin na sikanar kamfanin Plustek ba. Yana tambaya me zai sa ya ɓarnatar da kuɗi a kan mai tsada.

Malam, abin da ka gani ba sikana ba ce, duk da haka aka rubuta a kwali. Akwatin roba ne, a ciki akwai ƙaramar fitila, da gilashin araha, da idon kyamara irin na waya. Hoton negatif ɗin take ɗauka ƙyat, shi ya sa take gamawa kafin ka ƙifta ido. Yawancinsu megafiksel 14 ne a zahiri, manhaja ce take kumbura shi zuwa 22, kuma kumburawa ba ta ƙara abin da idon bai gani ba. Tana yanke gefen hoto. Tana zaɓar launi da kanta, ba ka da ta cewa. Wurare masu duhu, kamar fuskar mutum a ƙarƙashin rawani ko cikin inuwar rumfa, sai su dunƙule su zama baƙi ƙirin. Farar babbar riga kuma aikinta ya ɓace ta zama fari fat. Sannan ta matse hoton a JPEG, abin da matsewar ta zubar ba yadda za ka dawo da shi daga baya. Kada babban suna a jikinta ya ruɗe ka, akwai kamfanonin da ke sayen izinin amfani da tsohon suna su liƙa wa kayansu.

Alamominta a bayyane suke: tana aiki ba kwamfuta, tana ajiye hoto a katin memori, tana alfahari da megafiksel da sauri, ba ta ambaci TIFF (nau'in fayil mai ajiye hoto ba tare da rage ingancinsa ba) ba, ba ta ambaci infared (hasken da sikana ke gano ƙura da shi) ba. Sikanar gaske tana bin fim ɗin ne layi-layi, za ka ji ƙarar injinta, kuma minti ɗaya zuwa uku take ɗauka a kan hoto guda.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, ba don kuɗin kaɗai ba. Mutum ya sayi akwatin nan, ya kwashe hotunan gidansu na shekara arba'in cikin yini biyu, ya duba a allon waya ya ga sun yi, sai ya zubar da negatif ɗin ko ya bar su ga gara. Ranar da aka ce a buga hoton kaka babba a rataye a falo, sai a ga fuska kamar an shafa mata mai, asali kuma babu. Kuɗin da aka yi tattalinsa bai kai wannan asara ba. Araha ba ta ado, a nan ma har tana kashe tarihi. Amfanin akwatin nan guda ne: duba fim da sauri don ka zaɓi waɗanda suka cancanci aikin gaske, ko tura wa dangi a WhatsApp. In don haka za ka saya, ka saya da sani.

Su ma masu na gasken ba sa faɗar gaskiya duka a kwali. Plustek OpticFilm 8200i an rubuta mata dpi 7200, wato ɗigo 7200 a kowane inci, amma masu gwaji da allon awo suna samun kusan rabin haka. Epson V600 an rubuta 6400, abin da take kamawa a zahiri yana wajajen 1600. Adadin da ke kwali na takun injin ne, ba na kaifin gilashi ba. Don haka ko a kasuwar Beirut Road ta Kano kake ko a Computer Village ta Legas, kada ka biya sai ka gwada. Je da negatif ɗinka wanda ka san akwai ƙaramin rubutu a ciki, lambar mota ko allon shago. A kwashe shi a gabanka, ka buɗe a kwamfuta, ka zuƙo shi zuwa kashi ɗari. In ka ga ƙwayoyin fim ɗin tsaf kamar yashi, na'urar ta kai ƙarshen abin da ke ciki. In ka ga dama-dama kamar fenti ya jiƙe, mayar da kuɗinka aljihu. Mai kayan da ya hana gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Wani daga Zariya: "To wacce zan saya? An yi mini tayin Nikon Coolscan tokunbo."

Ya danganta da fim ɗinka. In duk 35mm ne, Plustek 8200i ta isa. Mariƙinta ɗaya yana ɗaukar tsiri mai hoto shida, ɗayan silaid huɗu, kai za ka riƙa turawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗauki 8100 don ta fi sauƙin kuɗi sai ka san ba ta da infared. In akwai 120 ko hotunan takarda a ciki, Plustek ɗin nan ba ta ɗaukar su, sai mai faifan gilashi irin Epson V600 ko V850. A kan 120 suna yin kyau saboda fim ɗin babba ne, a kan 35mm kuwa ba su kai Plustek ba.

Coolscan kaya ce mai kyau, dpi 4000 ɗinta kusan na gaskiya ne, amma Nikon ya daina yin ta fiye da shekara goma, kayan gyaranta wuya. V ED da 5000 ED suna amfani da USB. 4000 ED, 8000 ED da 9000 ED mahaɗin FireWire suke nema, wanda kwamfutocin yanzu ba su da shi. Manhajarta ta asali ba a yi ta don Windows na yanzu ba, sai ka sayi VueScan ko SilverFast, ka sa wannan a lissafi. Madubin cikinta yana tara ƙura, alamarsa hazo kewaye da wurare masu haske a hoto. Ka gwada kwashewa ba tare da fim a ciki ba, in layi ya ratsa daga sama har ƙasa akwai matsala a idon. Kuma ka ƙirga mariƙai kafin ciniki. Tokunbo da yawa suna zuwa babu su, sikana ba mariƙi kuwa ajiya ce kawai, nemansu daga waje da kuɗin jirgi da kwastam zai cinye ragin da aka yi maka.

Kafin duk wannan ka ƙirga hotunan. In ba su wuce ɗari biyu ba, kai wa mai aikin ka biya ya fi. In sun kai 2000, ka sani da gogewa da jerawa kowanne zai ci minti huɗu aƙalla, awa 133 ke nan. Wanda ba shi da wannan lokaci kada ya saya.

Wani yana tambaya ko zai iya ɗora negatif a kan sikanar da ke jikin firintarsa ta ofis.

A'a. Waccan hasken da ya dawo daga takarda take karantawa, fim kuwa sai haske ya ratsa shi ta baya. Ba fitila a murfi, ba aiki.

Wani kuma ya ce negatif ɗinsa sun yi datti, zai iya wanke su da omo ya shanya a rana?

Ba tsumma ba ne, Malam. Koma ka karanta amsar farko.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya ce ya riga ya sayi Plustek, amma kowane hoto yana fin megabait 400, kwamfutarsa tana tsayawa. Hotunan baƙi da fari kuma suna fitowa da tabo-tabo kamar an ƙona su. Yana tsoron ko ya sayi lalatacciya, kuma kuɗin na yayansa ne.

Na'urarka lafiya lau take, ɗana, kada ka hana kanka barci. Saiti biyu ne za ka gyara. Ka sa dpi 7200, hoton 35mm kuwa milimita 24 da 36 ne, a wannan adadi yana kai megafiksel 69, a TIFF mai zurfin launi bit 48 ya haura megabait 400. Sauko zuwa 3600: megafiksel 17, kusan megabait 100, kuma da wuya idonka ya ga bambanci. Wannan ya isa a buga hoto mai girman A3. Ka ajiye asali a TIFF, ka fitar da kwafin JPEG don rabawa. In silaid ne masu duhu ko negatif da launinsa ya koɗe, ka bar bit 48, domin gyara yana buƙatar wannan sarari.

Tabon kuma aikin infared ne. Na'urar tana bin fim sau biyu, na biyun da hasken infared wanda yake ratsa rinin fim mai launi amma ƙura da karce suna tare shi, da haka manhaja take gane datti ta cike gurbinsa. SilverFast tana kiran wannan iSRD, Epson da Nikon suna kiransa Digital ICE. Fim baƙi da fari na gargajiya da azurfa aka yi hotonsa, azurfa kuma tana tare infared, sai manhaja ta ɗauka hoton ne dattin ta shiga gogewa. Kashe shi a kan baƙi da fari. A kan silaid ɗin Kodachrome ma, wanda za ka ga sunansa a kwalin da ke riƙe da shi, yakan ɓata gefen abubuwa, ka gwada da shi da babu ka kwatanta.

Tunda infared ba zai taimake ka a nan ba, tsafta ce makaminka, balle da hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Rufe taga, kashe fanka, goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma ka bari ya bushe. Hura fim da ƙwallon roba mai hura iska, fuska biyu, ba da baki ba, don yawu yana mannewa. Fim yana da fuska mai sheƙi da mai dishi-dishi, mai dishin ita ke ɗauke da hoton, kada ka taɓa ta. Jera shi yadda alamar jikin mariƙi ta nuna. In rubutun riga ko na allo ya fito a juye, ka kifa shi ne. A manhaja ka zaɓi negatif ko silaid daidai, in negatif mai launi ne ka zaɓi sunan fim ɗin da ke rubuce a gefensa a NegaFix, wani sashe na SilverFast, shi ke cire launin ruwan lemon da ke jikin negatif, in ba haka ba hoto ya fito shuɗi-shuɗi. Yanke baƙin gefe kafin ka kwashe, don yana rikita awon haske. Kana gamawa ka lulluɓe na'urar.

Wata daga Kaduna ta ce ɗan'uwanta zai aiko mata sikana daga Amurka, tana tambayar wuta.

Duba jikin cajar. In an rubuta 100–240V, kan filogi kawai za ki canza. In 120V kaɗai ne, kada ki soka ta sai da taransifoma, wutarmu 230 ce. Ki haɗa sikana da kwamfuta a kan UPS ko inbata, domin ɗauke wuta ana tsakiyar aiki yana ɓata fayil, wutar ƙaramin janareto kuma hawa da sauka take. Ki ce masa ya tabbatar mariƙai biyun da lambar lasisin manhaja suna cikin kwalin.

Tambaya ta ƙarshe: bayan an gama kwashewa, za a iya zubar da negatif ɗin a huta?

Haba! Filash yana mutuwa ba sallama, kwamfuta ana sace ta. Ka ajiye kwafi a faifan ajiya biyu, ɗaya a wani gida daban, ka ƙara da na intanet in kana da hali. Negatif ɗin kuma ka zura su a ledojin ajiyar fim, ba irin na PVC ba, ka rubuta lambar da ta dace da sunan fayil, ka sa su a akwati da ƙunshin silika mai tsotse laima, can sama da ƙasa, nesa da bangon da ke tsatsafa da damina da kuma rufin kwano.