Kwamfutata ta yi nauyi: in sayi sabuwa ko in sa mata SSD?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Laftof ɗina ta shekara shida a hannuna. In na kunna ta sai na yi minti uku ina jira kafin ta gama tashi, kwanan nan kuma ina jin wani ƙara ƙis-ƙis a cikinta. An ce in sa mata SSD, wato sabuwar irin ma'adanar bayanai. Zai yi magani kuwa? Kuma ya zan yi da fayilolina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka kashe ko sisi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, shafin da ke nuna aikin da kwamfutar ke yi, zai buɗe. Duba layin Disk, wato ma'adanar bayanai. In ya tsaya a 100% alhali ba ka buɗe komai ba, to ka gano mai laifin.

Tsohuwar ma'adana, wato HDD, faifai ne a cikinta ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti a laftof, sai wani ɗan hannu da ke kai-komo a kansa yana tsintar bayanai. Windows kuwa idan zai tashi dubban ƙananan fayiloli yake buƙata, kowanne sai hannun nan ya je ya lalubo shi. Nan lokacinka ke tafiya. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, ƙwayoyin lantarki ne irin na filas. Mai shiga ta SATA, wato mahaɗar da HDD ke amfani da ita, yana kai megabait 550 a daƙiƙa, inda HDD ke fama a wajen 100. A ganina babu gyaran da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamarsa, kuma yana damuna ganin ana yar da na'ura mai lafiya saboda faifai ɗaya da ya gaji.

Inda mutane ke tafka asara shi ne wajen saye. Akwai SSD mai inci 2.5 da ke zama daidai gurbin tsohuwar ma'adanarka. Akwai kuma siriri, M.2, wanda ya kasu biyu: na SATA da na NVMe, wata mahaɗa daban mai ƙarin sauri. Kamanninsu kusan ɗaya, amma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Nemi lambar samfurin laftof ɗinka a ƙasanta, ka duba bayaninta a shafin kamfanin kafin ka biya kuɗi.

Batun fayiloli, hanya biyu ce. Ko ka jona sabon SSD da wayar USB zuwa SATA ka kwafe komai har da Windows, da manhaja irin Clonezilla ta kyauta, ko ka sauke sabon Windows. Ni sabon na fi so maka. Lasisin Windows 10 da 11 yawanci yana ɗaure da babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard, don haka zai dawo da kansa da ka hau intanet.

Amma ƙarar nan da ka ambata ita ta fi tayar min da hankali. Alama ce faifan na iya mutuwa kowane lokaci. Yau ɗin nan, ba gobe ba, kwashe hotunanka da takardunka zuwa wata ma'adana ta waje.

Tambaya: Malam, na ji an ce SSD yana ƙarewa idan ana yawan rubutu a kansa. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, sai dai iyakar tana da nisa. Samsung 870 EVO mai gigabait 500, alal misali, kamfanin ya lamunce masa rubutun terabait 300. Ko kana zuba masa gigabait 20 kullum, sai ka haura shekara 40 kafin ka kai nan. Abin lura kawai, SSD ba ya yin ƙara kafin ya mutu kamar yadda HDD ke yi, don haka ka riƙa ajiye kwafin muhimman fayiloli a wani wuri, kuma kada ka cika shi maƙil, bar masa ɗan sarari.