Hukuncin kajin Sallah da suka soma wari a cikin firiza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Saura kwana huɗu Ƙaramar Sallah maigida ya sayo kaji goma, aka yanka aka fige, na wanke na zuba a firiza. A daren nan taransifomar unguwarmu ta lalace, muka yi kwana biyu da yini babu wuta. Da na buɗe, na sama sun saki, sun yi yauƙi, ga ɗan wari. Na can ƙasa kuwa har yanzu da ƙanƙara a jikinsu. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce in wanke da lemon tsami in soya su rau, wai zubarwa almubazzaranci ne, in kuma ba za mu ci ba a bai wa almajirai. Shin naman ya zama mushe? Ya halatta in ciyar da iyalina, ko in yi sadaka da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya mayar muku da alheri.

Naman bai zama mushe ba. Mushe shi ne abin da ya mutu ba ta hanyar yanka ba, kajinki kuwa an yanka su da sunan Allah, kuma daɗewa ba ta warware yanka. Amma halaccin yanka bai gama magana ba, domin abinci yakan haramta ta wata ƙofar daban, wato cutarwa.

Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'alaba al-Khushani, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi (SAW) ya yi magana a kan maharbin da ya harbi dabba ta ɓace masa, bai same ta ba sai bayan kwana uku, ya ce ya ci matuƙar ba ta yi ɗoyi ba. Ki lura, ba a ɗora hukuncin a kan ƙidayar kwanaki ba, an ɗora shi a kan halin da naman yake ciki. Imam Nawawi, a sharhinsa na wannan hadisi, ya ce hanin na karhanci ne, sai idan ana tsoron cuta, to a nan ya zama haramun. Abin da ya sa malamai ba su haramta duk abin da ƙamshinsa ya sauya kai tsaye ba shi ne, Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa an kai wa Annabi (SAW) gurasar sha'ir da kitse wanda ya ɗan canza. Mu ma a nan muna cin daddawa, warinta bai haramta ta ba. Ke nan tambayar da za a yi ita ce: wannan warin na kaza alamar cuta ne ko a'a?

A nan sai a koma ga masana lafiya, domin shari'a tana karɓar maganar kowane gwani a fanninsa. Abin da suka tabbatar shi ne ƙwayoyin cuta suna hayayyafa cikin sauri a ɗanyen nama da zarar ɗuminsa ya haura digiri 5 a ma'aunin Celsius, kuma a zafi irin namu na bazara, awa ɗaya zuwa biyu a waje ta isa a fara shakka. Yauƙi da wari suna nuna ruɓewa ta riga ta yi nisa. Abin da Hajiya ba ta sani ba, kuma mutane da yawa ba su sani ba, shi ne wuta tana kashe ƙwayoyin cutar, amma wasu daga cikinsu suna barin guba a cikin naman wadda tafasa da suya ba sa kashe ta. Lemon tsami da citta da yaji wari kawai suke rufewa. Mai lafiya zai iya tsira da amai da gudawa, amma yaro ƙarami, da mai juna biyu, da tsohuwa irin Hajiyar kanta, abin yakan kai su gadon asibiti.

Saboda haka kajin da suka saki, suka yi yauƙi ko wari, ba ya halatta ki ci, ba ya halatta ki ciyar da kowa. Dalili shi ne faɗin Annabi (SAW) "La darara wa la dirara", babu cuta babu cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Alhakin ya fi nauyi a kanki saboda ke kika gani, su kuwa za su ci ne bisa amincewa da ke.

Na ƙasan da har yanzu suke da ƙanƙara a jikinsu, ba yauƙi ba wari, suna nan a kan halaccinsu. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba takan riƙe sanyi kimanin awa 48, wadda take rabi kuma kimanin awa 24, shi ya sa bayan kwana biyu da yini na saman suka saki, na can ƙasa kawai suka tsira. Ki fito da su, ki dafa su yau ɗin nan har su nuna ciki da waje, ki wanke firizar da kwanukan da ruwan na saman ya taɓa. Wadda kika tsaya kina kokwanto a kanta, ta narke gaba ɗaya kuma ba sanyi a jikinta ko da ba ta wari, ki haɗa ta da na zubarwa, domin akwai ƙwayoyin cutar da ba sa canza ƙamshin nama ko kaɗan.

Batun almubazzaranci kuwa, Hajiya tana da gaskiya a kan asalin maganar, Allah ya hana ɓarnar dukiya, kuma kaji goma a wannan tsadar ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sai dai almubazzaranci shi ne watsar da abin da yake da amfani. Wannan ya lalace tun yana cikin firiza, ba da sakacinki ba, zubar da shi ba ya ƙara asarar da komai.

Maganar almajirai ce ta fi damuna, domin ina yawan jin ta. Allah ya ce a suratul Baƙara, aya ta 267, kada ku nufi mummuna ku ciyar daga gare shi alhali ku ba za ku karɓe shi ba sai kun runtse ido. Wannan ayar a kan abu mara kyau ne kawai, ina ga wanda yake cutarwa? Yaron da zai karɓa yana nesa da iyayensa, in cikinsa ya ɓaci cikin dare ba lallai a samu mai kai shi asibiti ba. Wanda ya ba shi yana sane bai yi sadaka ba, zunubi ya ɗauka. Kada kuma ki jefa a bola a fili inda wani zai tsinta. Ki ƙulle a leda a binne.

Ba ku da hakkin komawa kan mai kajin, tunda lafiyayyu ya sayar, a hannunku suka lalace. Da a ce daskararru kuka sayo kuka tarar sun riga sun ɓaci, da kuna da zaɓin mayarwa ku karɓi kuɗinku, shi kuma ɓoye aibi haramun ne a kansa.

Game da Hajiya, kada ki yi jayayya da ita. Ki nuna wa maigida naman ya gani da idonsa, shi ya yi mata bayani cikin ladabi, ya gaya mata lafiyarta da ta jikokinta ake dubawa.

Wallahu a'alam.