Kafin ka taho Faransa karatun dokar gudanar da mulki

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin mastar, kana tambayar inda ake samo hukunce-hukunce da yadda ake ambatonsu a memuwar, wato kundin bincikenka na kammala karatu. Zancen biza da ɗakin haya ka tambayi wasu. Ni abin da ke kada yaranmu a nan zan faɗa maka.

Wannan fanni alƙalai ne suka gina shi, tun daga hukuncin Blanco na 8 ga Fabrairu 1873. Don haka malami ba ya son jin "kotu ta ce". Wace kotu, a wane zama, ran nawa ga wata, shari'ar wa, lamba nawa? Ga yadda ake rubutawa: CE, Ass., 20 oct. 1989, Nicolo, n° 108243, Rec. p. 190. "CE" shi ne Conseil d'État, kotun ƙoli ta shari'o'in gudanar da mulki a Faransa. "Ass." babban zamanta ne, maganarsa ta fi ta ƙaramin zaure nauyi. "Rec." kundin Lebon ne, inda ake buga hukunce-hukuncen wannan kotu, kuma ba kowane hukunci ke shiga cikinsa ba, sai wanda kotun ta zaɓa. In ka zubar da waɗannan, nan take a gane daga kwas ɗin wani ka kwafo, hukuncin kansa ba ka buɗe ba. Ra'ayin rapporteur public kuma, wato jami'in kotun da ke gabatar da shawararsa kafin alƙalai su yanke hukunci, ba hukunci ba ne, ka ambace shi daban.

Légifrance, shafin intanet na dokokin Faransa, da ArianeWeb, na hukunce-hukuncen Conseil d'État, kyauta ne, ko kana zaune a Maradi yau wayarka za ta buɗe su. Amma a Légifrance kowane sashen doka yana da siga-siga gwargwadon kwanan wata, kuma ta yau ce ke fara fitowa. In hukuncin 2012 kake nazari, koma sigar da ke aiki a lokacin. Kundin hulɗar jama'a da hukuma, CRPA, sai 1 ga Janairu 2016 ya fara aiki. Ka jingina masa hukuncin 2012, ka jira jan biro.

In kuwa da Nijar za ka kwatanta, kada ka hau jirgi hannu rabbana. Shafin Juricaf, mai tattara hukunce-hukuncen manyan kotunan ƙasashe masu amfani da Faransanci, na da wasu hukunce-hukuncenmu, amma ba za su ishe ka ba. Tsaya Yamai ka ɗauki hoton shafukan Journal officiel, jaridar gwamnati da ake buga dokoki a ciki, har da bangon da ke ɗauke da lamba da kwanan wata, domin fotokofin dekire, wato dokar da gwamnati ta fitar, marar lamba babu malamin da zai karɓa. Kuma kada ka rubuta kamar hukuncin Paris ya ɗaure alƙalin Yamai, sai ka nuna inda kotunmu ta bi shi.