Ina ake adana tarihin 'yan Norway da suka yi ƙaura zuwa Amurka?

Malama, kin ce an ba ki aikin bincike kan 'yan Norway na Amurka, kina tambayar inda takardunsu suke da kuma jami'ar da za ki tuntuɓa. Ki fara da garin Northfield a jihar Minnesota. A kwalejin St. Olaf ne ƙungiyar tarihinsu, NAHA, take da mazauni tun kafa ta a 1925, shekara ɗari cif bayan jirgin ruwan Restauration ya baro garin Stavanger na Norway zuwa Amurka da 'yan ƙaura 52. Wasiƙu, hotuna da takardun ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suna can. Kayan hannu kuwa, irin su akwatunan katako da sutura, sai gidan tarihi na Vesterheim a Decorah, jihar Iowa.

Amma ni a ganina, littattafan cocin Lutheran, ɗarikar Kirista da yawancinsu ke bi, sun fi komai amfani. Fasto ne ke rubuta baftisma, aure da jana'iza, sau da yawa har da ƙauyen da mutum ya fito. Wahalar ita ce tsofaffin da harshen Norway aka rubuta su, ga shi coci-coci sun yi ta haɗewa, littafin wata ya koma hannun wata. Sunaye ma suna ruɗarwa: mutum ɗaya yau ya amsa sunan ubansa, gobe na gonar da aka haife shi. Kada ki amince da suna sai kin haɗa da ranar haihuwa.

Batun jami'a kuma, ki rubuta wa Jami'ar Wisconsin a Madison, inda aka kafa sashen nazarin Sikandinebiya, wato yankin Norway, Sweden da Denmark, a 1875.